Abin da Na Gani a Littafin Bashin Mahaifina

Ranar da muka kai mahaifina makwancinsa, a ƙarshen shekarar 2023, bayan an gama rufe shi an yi addu'a, baffana ya ɗaga murya kafin jama'a su watse ya yi sanarwar da ake yi a kusan kowace jana'iza a ƙasar Hausa. Ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi, ko kuma marigayi yake binsa, don Allah ya zo ya same shi ko ya sami babban ɗan marigayin. Ni ne babban ɗan. Tun ina yaro nake jin wannan sanarwa a maƙabartun Zariya, har kunnena ya saba da ita, amma ban san nauyinta ba sai ranar da aka nuna ni da hannu a gaban mutane.

Mahaifina ya yi shekara fiye da talatin yana sana'ar hatsi. Da kaka yakan saro masara da dawa da waken suya daga kasuwannin Giwa da Soba, ya zuba a sito, ya riƙa sayarwa a rumfarsa da ke kasuwar Sabon Gari, tare da shinkafa da sauran kayan awo. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, inda yake rubuta sunayen mutane da ajami, yawan kuɗi kuma da lambobin boko, idan mutum ya biya sai ya ja layi a kan sunansa. Bayan an share makoki muka zauna da baffana muka buɗe littafin. Waɗanda suke bin Baba bashi mutum uku ne, kuma cikin mako guda muka sallame su. Waɗanda Baba yake bi kuwa, sunayen da ba a ja wa layi ba sun haura arba'in.

Da kuɗina ne ni kaɗai, da wataƙila na rufe littafin na huta da kunyar tunkarar sa'o'in mahaifina da maganar kuɗi. To amma dukiyar ta zama ta magada, a cikinsu akwai mata biyu da suka shiga takaba, akwai kuma ƙannena huɗu da ba su balaga ba, kuma babu wanda yake da ikon yafe haƙƙin maraya a madadinsa. Haka na shiga bin mutane gida-gida, daga Tudun Wada zuwa Samaru, daga Gyallesu zuwa Kwarbai, kusan shekara guda. Abin da na gani a wannan zirga-zirga shi ya sa nake wannan rubutu.

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ni ban ga abin kunya a cin bashi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Garinmu ma a kan bashi yake tafiya. Manomi yana karɓar taki da damina ya biya da kaka, ma'aikaci yana karɓar awo kafin albashi ya shigo, mai sayar da abinci tana ɗaukar buhun shinkafa ta kawo kuɗin idan ta sayar, ɗan kasuwa kuma yana karɓar kaya daga Kano a kan amana ba tare da ya ajiye ko sisi ba. Abin da yake riƙe da wannan duka shi ne yardar cewa abin da ya fita zai dawo. Maganata a kan mai taurin bashi ce, wato mutumin da yake da halin biya, ko aƙalla halin zuwa ya yi bayani, amma ya gwammace ya riƙa zillewa.

A cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wani dattijo tela daga Tudun Wada. Tun kafin mu buɗe littafi ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, akwai kuɗin Alhaji a kaina, na buhun shinkafa biyu da na karɓa lokacin aurar da 'yata. Wallahi ba ni da su a yanzu, amma ka rubuta cewa na zo na faɗa da bakina, kuma duk ƙarshen wata za ka gan ni.” Wata goma sha ɗaya yana zuwa. Wani lokaci ya kawo dubu biyar, wani lokaci dubu biyu, sau ɗaya ma ya zo hannu rabbana ya ce ɗinki ya yi ƙasa a watan, na yi masa haƙuri. Ban taɓa jin ɓacin rai game da shi ba ko na rana ɗaya, kuma a yau da zai zo rumfarmu ya nemi buhu goma, ƙanena zai ɗora masa a amalanke ba tare da ya tambaye ni ba.

Akwai kuma wani mai ɗan hali, ɗan kwangila, wanda ya yi shekaru yana sallah sahu ɗaya da mahaifina a masallacin unguwarmu. Ya karɓi buhun masara ashirin a shekarar 2022 da alkawarin biya cikin wata biyu. Da na je wurinsa karon farko ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya yi wa Baba doguwar addu'a, ya ce ba a biya su kuɗin wani aiki ba tukuna, na dawo ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya ce na turo lambar asusu. Na tura, kwana uku babu labari, da na kira ya ce ai ya tura, matsalar banki ce. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. A cikin watannin nan ne ya sauya mota, kuma duk unguwa ta gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da mutumin nan shi ne yadda garin Zariya ya riƙa ƙuntata a gare shi a kan idona. Ya daina sallah a masallacinmu, ya koma wani mai nisa. Ya daina bin layin gidanmu, alhali nan ce hanyarsa mafi kusa zuwa Ƙofar Doka, sai dai ya yi zagaye. Idan ana ɗaurin aure a unguwa yakan tsaya can bayan taro, da an shafa fatiha ya sulale. Wata rana na yi sallama a ƙofar gidansa, ga motarsa a waje, ga takalminsa a bakin zaure, sai ɗansa mai kimanin shekara tara ya fito ya ce mini, “Baba ya ce ba ya nan.” Yaron ya faɗi maganar yana kallon ƙasa, domin ya san abin da aka sa shi. Na koma gida raina a jagule, saboda na ga ana koya wa yaro ƙarya a ƙofar gidan ubansa a kan buhun masara. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa mutum idan bashi ya yi masa nauyi, yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Na karanta wannan hadisi a makarantar zaure tun da daɗewa, amma a bakin wancan zauren na ga fassararsa.

Addininmu ya bambance tsakanin mutanen nan biyu sarai. A aya ta 280 ta Suratul Baƙara an umarci mai bin bashi da ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, aka kuma ce yafewa ta fi alheri, sannan a aya ta 60 ta Suratut Tauba an sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutane takwas da suka cancanci zakka. Wannan shi ne rabon telan Tudun Wada. Game da mai hali kuwa, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukan malaman birnin nan, an ce ana tsare wanda ake bi bashi domin a gano haƙiƙanin halinsa, amma ba a tsare wanda ba shi da komai. Ke nan talauci uzuri ne da shari'a ta karɓa, ɓuya kuwa ba ta da wani uzuri.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan sun ja lokaci sannan suka biya, ai ba su ci haƙƙin kowa ba tunda kuɗin sun koma cif. A Najeriyar yau wannan lissafi ba daidai ba ne. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na dakon kaya suka tashi, kuma a ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya karɓi buhu ashirin a 2022 ya kawo kuɗinsu a 2024, abin da ya kawo ba zai mayar da buhu ashirin cikin sito ba, ko kusa. Musulmin da ya ba da rance ko ya sayar da kaya bashi ba shi da damar ƙara ko kwabo saboda jinkiri, domin wannan riba ce da Allah ya haramta. Saboda haka ba shi da wata kariya sai tsoron Allah na wanda ya ci bashin. Duk watan da mai hali ya ƙara yana ja, yana yankar wani abu ne daga jarin mutumin da ya taimake shi, kuma a wurinmu daga abincin marayu yake yanka. Annabi kuwa da ya ranci ɗan raƙumi, da wanda ya fi shi girma ya biya, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya.

Ɓarnar ba ta tsaya a kanmu ba. Ƙanena da ya gaji rumfar, da ya ga abin da ke cikin littafin, sai ya sami kwali ya rubuta “Ba bashi” ya rataya a bakin rumfa. Na fahimci dalilinsa, amma na san waɗanda kwalin ya fi shafa. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake a kusa da tasha, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar rabin buhu daga wurin Baba ta kawo kuɗi bayan kwana uku, sunanta ya fito a littafin sau da yawa kuma babu inda ba a ja masa layi ba. Ranar da ta zo aka nuna mata kwali, ta juya ba ta ce komai ba. Sai da mahaifiyata ta ji labari ta kira ƙanena ta ce, “Kai, ubanku bai taɓa mayar da matar nan hannu wofi ba, kada ka fara,” sannan aka ci gaba da ba ta. Ita ta sami mai yi mata magana. Akwai irinta da yawa a kasuwannin garin nan da aka rufe wa ƙofa saboda laifin wasu da ba su ma sani ba.

Haka abin yake a adashin mata. Idan mace ɗaya ta yi ɗauka da wuri sannan ta daina zubi, uwar adashi ce take shiga uku, domin ita aka sani. Na san wadda ta sayar da keken ɗinkinta ta cike gurbin, kuma daga wannan shekara adashin da ya yi wa mata da yawa kayan ɗakin 'ya'yansu ya watse. Wanda ya tsaya wa wani a wurin karɓar kaya ko rance shi ma haka, yakan wayi gari ana binsa abin da bai ci ba. A cikin dangi kuwa abin ya fi ciwo, saboda ba a iya kai ƙara, ba a kuma iya mantawa. Na ga wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina gaisawa a kan kuɗin da ba su kai na ragon layya ba, 'ya'yansu suka taso ba sa shiga gidajen juna, ba su ma san mafarin abin ba. Kuma kowa ya san yadda ake binciken aure a garin nan. Idan aka zo tambayar halin gida, maƙwabta ba za su yi dogon bayani ba, sai dai wani dattijo ya ce mutumin kirki ne, amma fa a yi hankali da shi a harkar kuɗi. Wannan magana guda takan isa ta mayar da masu neman aure inda suka fito.

Wasu sun ba ni shawarar na kai masu taurin kai wurin 'yan sanda. Ban yi ba, domin bashi tsakanin mutum da mutum magana ce ta haƙƙi da ake kai wa kotu, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Hanyar da ta dace ita ce sulhu a gaban manya ko mai unguwa, idan ta ƙi sai kotu, inda za a aika sammaci, a nemi hujja daga mai ƙara, wanda ya musanta kuma a ɗora masa rantsuwa. A nan ne na gane hikimar aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma gaba ɗayanta a kan rubuta bashi da ƙayyade wa'adinsa da kafa shaidu take. Mu kuwa kunya takan hana mu. Muna ganin idan ka ce wa aboki a rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Littafin Baba rubutun hannunsa ne shi kaɗai, babu sa hannun kowa, babu shaida, kuma mutum biyu sun dube ni ido cikin ido suka ce sun biya tun yana raye. Ba ni da abin da zan ce musu, na bar su da Allah.

Masu cin bashin banki su ma zamanin ɓuya ya wuce musu. Tun daga ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun da mai bashi yake da shi a wani banki, ta hanyar lambar BVN, sannan akwai dokar 2017 da ta tsara yadda ake adana tarihin bashin mutane, wanda bankuna suke dubawa kafin su ba da sabon rance. Mutane da yawa a nan sun karɓi rancen da gwamnati ta bayar lokacin annobar korona da na noma suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, daga baya suka ga ana zare kuɗi daga asusunsu. Masu ba da rance ta manhajar waya kuma sukan aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum, har surukai da abokan aiki. Wannan zalunci ne da ba na goyon baya ko kaɗan, amma wanda ya karɓa da niyyar ba zai biya ba ya san da hannunsa ya buɗe wa iyalinsa wannan ƙofa.

Duk waɗannan na duniya ne. Abin da ya hana ni barci a watannin nan shi ne abin da na sani game da bashi bayan mutuwa. A ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, inda aka yanka wa kowane magaji rabonsa, an maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. An kawo wa Annabi gawar wani mutum da ake bi 'yan dinare kaɗan, bai bar abin biya ba, sai ya ce wa sahabbai su sallaci ɗan'uwansu, bai shige gaba ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Zubairu ɗan Awwam, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, a ranar yaƙin Raƙumi babban abin da ya dame shi shi ne bashin da ke kansa, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da shi. Da aka lissafa bashin ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu a kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Idan irin wannan bawan Allah ya ji tsoron bashi haka, ban san abin da mai kashe waya don kada a tambaye shi yake dogara da shi ba.

A cikin sunayen littafin akwai na wani manomi daga wajen Shika da ya riga Baba rasuwa da kusan shekara guda. Na riga na cire rai da kuɗin. Wata safiya sai ga wani saurayi a kan babur da buhun masara biyu, ya ce shi ɗansa ne, mahaifiyarsa ce ta tuna cewa akwai kuɗin Alhaji a kan marigayin, kuma tun da ta tuna ba ta samun natsuwa. Ya durƙusa a gaban mahaifiyata ya ce, “Hajiya, ga abin da ya samu, saura kuma idan Allah ya kai mu kaka. Don Allah a yafe wa Baba jinkirin.” Mahaifiyata ta yi kuka, ta ce ta yafe kasonta na tumunin takaba a cikin abin da ya rage, ni da ƙannena manya muka yafe namu, muka lissafa na yara ƙanana kaɗai, ya kawo shi da kaka kamar yadda ya ce.

Ɗan kwangilar nan kuwa, watanni biyu da suka wuce muka haɗu a jana'izar wani maƙwabcinmu, inda babu halin zagaye. Bayan an rufe gawa, ƙanen mamacin ya yi sanarwar nan ta masu bin bashi, ya nuna ɗan marigayin, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba. Muna fitowa daga maƙabarta na ji an dafa kafaɗata. Ya ce, “Ɗana, ka zo gida gobe bayan La'asar, ka taho da baffanka.” Muka je. Ya kawo kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ragowar kuma aka rubuta a takarda, ya sa hannu, baffana da limamin unguwa suka yi shaida. Ban ja layi a kan sunansa ba tukuna, domin wa'adin da ya ɗauka sai ƙarshen watan gobe zai cika, amma tun daga ranar ya dawo sallah a masallacinmu, kuma da asubar yau a sahu ɗaya muka tsaya.